Ƙugiyar Baba

A layin ƙasa aka sa mu.
Na sama sidi tamanin ne, na ƙasa talatin,
talatin ɗin ma sai da Baba ya zazzage aljihu
ya haɗa da kuɗin motar komawa Aboabo.
Washegarin Sallah ce. Shekarata tara,
sabon takalmi yana cizon diddigena.

Bangon yana bayan babban lilon nan
mai ɗaga mutum har ya hango rufin Kejetia.
Tayil ne jere, kowanne faɗin tafin hannu,
ka biya, a sassaƙa maka shaida cewa ka zo.
Akosua ta cika goma a nan.
Wani Boateng ya nemi aure, an amsa masa.
'Yan wata makaranta daga Obuasi, su arba'in,
sun matsu cikin tayil guda kamar a tirotiro.

Opoku mai injin ya tambaya da Turanci,
Baba ya amsa da Asantanci,
amma ya ce da Hausa za a rubuta.
Ya ba shi harafi harafi, kamar mai ƙirga goro:
Mutawakkilu da yaransa uku, baƙi.

Injin ya yi tari, ya tofar da ƙura,
sai ga shi: baki.

Baba ya duba, ya sake dubawa.
Ya ce, ɗan'uwa, baƙi na ce, masu zuwa su tafi,
ba wanda ake cin waake da shi ba.
Opoku ya buɗe hannuwa:
injin Bature ne, bai san wannan harafin ba.

Sai mahaifina,
wanda aka haifa a Kumasi, aka binne cibiyarsa a Kumasi,
wanda har ya mutu ana tambayarsa garinsu,
ya durƙusa da farar rigar Sallah a kan jar ƙasa,
ya ciro makullin shago,
ya yi ta ƙarzar kan harafin
har ya fitar masa da 'yar ƙugiya, karkatacciya,
mai gadi yana busa usur a kansa.
Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa, ya ce:
kowa a gidan nan baƙo ne, Barikisu,
wanda ya sayi na sama ma haka.

Da ƙafa muka koma gida.
Fuseini ya yi kuka tun daga titin filin ƙwallo.

Yau shekara ashirin da biyu.
Lilon ya canza fenti sau nawa ban sani ba.
An manna takarda: za a rushe bangon bayan damina,
mai so ya ɗauki hoto.
Na sama rana ta cinye su,
Boateng da amaryarsa sun koɗe, sai rabin zuciya.
Namu kuwa laka ta rufe, ta adana.

Na durƙusa inda ya durƙusa.
Na jiƙa bakin mayafi da ruwan leda, na goge.
Ba mu da wasiƙarsa ko ɗaya,
littafin bashin shago gara ta gama da shi,
muryarsa ta tafi da wayar da aka sace a Adum.
Wannan ƙarcen kaɗai ne rubutun hannunsa a duniya,
bai kai tsawon farce ba.

Ɗiyata Sakina tana jan zanena,
dokin katako take so, layi yana tsawo.
Na kama ɗan yatsanta na ɗora a kan ƙugiyar.
Ta ce, Umma, wani ya ɓata.

Na buɗe baki zan yi mata bayani,
sai aka kunna lilo,
ihun yara ya zubo mana daga sama.